Kaka Ta Zo, Mu Fita Da Yaranmu Su Ga Inda Tuwo Yake Fitowa

(Jawabin da ɗaya daga cikin iyayenmu da aka kafa wannan ƙungiya da su ta gabatar a taron zagayowar ranar kafuwar ƙungiya a Kano. Mun kawo shi kamar yadda ta faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.)

Hajiya shugaba, sakatariya, ma'ajiyarmu, iyayena da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena, 'ya'yanmu da jikokinmu da ke can baya suna ta surutu, da iyayen gida maza da suka daure suka rako mu, ina yi wa kowa barka da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Da aka ce ni zan yi magana yau, na ɗauka lissafin adashe za a sa ni in karanta, ko in ba da labarin yadda muka fara a zaure da tabarma biyu. Sai shugaba ta ce a'a, lissafi yana hannun ma'aji, ke dai ki faɗa mana abin da yake damunki. To, abin da yake damuna shi zan faɗa. In na yi tsawo ku yi haƙuri, ku kuka ba tsohuwa lasifika.

Bara kamar wannan lokaci, muna cikin mota za mu biki Kura, ni da jikata, kishiyar tawa, 'yar shekara tara. Mun fita gari mun miƙi hanyar Zariya, ga gonakin shinkafa dama da hagu sun nuna sun yi ruwan ɗorawa, sai iska take kaɗa su. Yarinyar nan ta leƙa ta taga ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, "Hajiya, su waɗannan ba sa nome gonarsu ne? Ji yadda suka bar ciyawa ta yi tsawo." Mutanen mota suka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma wallahi abin ya tsaya mini a rai har muka dawo. Yarinyar da ba ta kwana biyu ba ta ci shinkafa ba, ta san sunanta da Turanci, ta iya rubuta shi, amma ta gan ta a tsaye a gona ba ta gane ta ba. Na tambayi kaina, laifin wa? Ba nata ba ne. Ni na tashi a ƙauye, uwarta ta ɗan taɓa zaman ƙauye da hutu, ita kuwa daga gida sai makaranta, daga makaranta sai Islamiyya, daga nan sai gaban talabijin. Mu muka rufe ta a gida, sannan muna mamakin ba ta san waje ba.

Kun san Bahaushe kaka biyu gare shi. Akwai kakar gona, lokacin da amfani ya nuna ake kai shi gida. Akwai kuma kakar gida, irina, wadda ake tsokana ana ɓoye mata goro. Maganata ta yau ita ce mu haɗa yaranmu da kakannin nan guda biyu tun ana tare. Ta gona tana dawowa kowace shekara. Ta gida kuwa, in ta tafi ta tafi da abin da ta sani.

Bari in tuna wa 'yan baya yadda shekararmu take, don na san wasu a littafin makaranta kawai suka san lokutan shekara, su ma na ƙasar Turawa. Muna da bazara, lokacin zafin nan da ake jiran ruwa. Muna da damina, da markarta a watan Agusta. In ruwa ya fara ja da baya sai a shiga agazari, ɗan zafin nan da yake nunar da amfanin gona. Daga nan sai kaka, tun daga wajen ƙarshen Satumba har cikin Disamba, sannan hunturu ya kama sosai, rani ya miƙa. Gero shi yake fara isowa, shi yake fitar da manomi daga kunyar damina. Sai gyaɗa da masara da riɗi, sai wake da shinkafa, dawa kuma ita ce 'yar auta, sai sanyi ya fara busawa ake yanke ta. Duk shekara babu lokacin da ya fi wannan daɗin fita. Ruwa ya ɗauke, ba a tsoron hadari ya tare mutum a hanya. Zafin ya sauka, ƙura ba ta riga ta turnuƙe ba, daji bai bushe ba, abinci kuma ya yi sauƙi. Wanda bai fita da kaka ba, yaushe zai fita?

Fita ta farko da nake roƙon kowace uwa ta yi, ita ce wadda ta fi arha: a kai yara gona. Ku duba junanku, duk wadda take ɗakin nan tana da ƙauye. In ba na ubanki ba, na uwarki. In ba nasu ba, na maigida. Wasunmu mun yi shekaru ba mu taka ba sai an yi rasuwa ko biki, mu je da safe mu juyo da la'asar, yara ko fitowa daga mota ba su gama yi ba. Bana a zaɓi Asabar guda, a aika tun da wuri a ce muna tafe, a je don gonar kanta. Zumunci a ƙafa yake, kuma 'yan'uwanmu na can suna ji a ransu in ba a zuwa sai da dalili.

In kun je, kada ki shimfiɗa wa yaro tabarma a gindin bishiya ki miƙa masa waya. Ki bar shi ya shiga cikin mutane. Ya ga yadda ake kwantar da karan gero a yanke kan, a tara, a ɗaure dammi, a ɗora a amalanke. Ya ga rumbu, ya tambaya me ya sa aka ɗaga shi a kan duwatsu bai taɓa ƙasa ba, a gaya masa saboda danshi da gara ne. Ya tuge gyaɗa da hannunsa ya ga ashe a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya. 'Yan mata su shiga roron wake tare da sa'o'insu, su ga sussuka, su riƙe ƙwarya su gwada shiƙa, ƙaiƙayi ya ɗan taɓa su su san ana shan wuya kafin a sha fura. In an gama tsigar gyaɗa a bar su su yi kala, abin da suka tsinto nasu ne. Mu da kuɗin kala muke sayen ɗankunne da lalle, kuma har yau ban riƙe kuɗin da ya yi mini daɗi kamar waɗancan ba.

Sannan ga abin baki. Dafaffiyar gyaɗa sabuwar tugewa, da gurjiya, da gasasshiyar masara, da takanɗa a tsotsa. In an ci sa'a akwai sauran geron da bai bushe ba, a gasa musu tumu su murje a tafin hannu. In sanyi ya ɗan shigo ga magarya da kanya, ga fara ana soyawa da yaji. Yaron da ya ci waɗannan a inda suke fitowa ba zai manta ba. Kuma ki lura da shi in kun dawo: wanda ya ga tsohuwa ta sunkuya tun hantsi tana tsintar wake ƙwaya ƙwaya, da wuya ya sake ture kwanon abinci ya ce ba ya ci. Faɗan da kika shekara kina yi a kan zubar da tuwo, yini ɗaya a gona zai yi miki shi. Gani ya kori ji.

In da hali a kwana ɗaya, ya fi. Daren kaka a ƙauye, musamman in da farin wata, shi ne makarantar da muka yi. 'Yan mata suna gaɗa a dandali, maza suna langa, tsofaffi suna tatsuniya da kacici-kacici. A zamaninmu bayan an kai amfani gida samari da 'yan mata sukan shirya kalankuwa, a yi kiɗa, a naɗa wa juna sarautu na wasa. A lokacin ne kuma 'yan dambe da 'yan kokawa suke yawo gari gari, don manomi ya samu abin kyauta a hannu. Wasu wuraren an daina, wasu ana ɗan taɓawa. Ko ba a tarar da komai ba, a zaunar da yara gaban tsohon gidan ko tsohuwar gidan su yi tambaya: wace ce kakar kakarmu, daga ina aka zo, gonar nan wa ya sare ta? Akwai yaranmu da ba su san sunan kakan ubansu ba, kuma masu faɗa musu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Fita ta biyu ta shafi sana'armu kai tsaye. Yawancinmu nan da amfanin gona muke juyawa: masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu zoɓo, masu garin kunu, masu dakakken yaji, masu awara da ƙosai. Duk mun san da kaka ake sayen kaya, don in aka bari sai bazara kuɗin ya haura. To in za ki sari, ki tafi da 'yarki ko ɗanki wanda ya yi wayo. Ga Dawanau nan a hanyar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Manyan motoci suna lodi zuwa kudu, zuwa Nijar da sauran maƙwabta, amma akwai yaran da aka haifa a Kurna ko Rijiyar Lemo da ba su taɓa leƙa ta ba. Ki nuna mata yadda ake gane sabon wake da tsoho, yadda ake tauna ƙwayar hatsi a ji ko ta bushe, yadda ake duba awo, yadda ake ciniki ba tare da an yi faɗa ba. Ki ba ta biro da takarda ta lissafa miki: in buhu yana cin wajen kwano 40, an sayar mana a kaza, nawa kwano ya kama, nawa ne kuɗin dako, nawa ya rage riba? Lissafin da yake ba ta wuya a aji, a nan za ta ga amfaninsa. Wadda take son yara su ga dabbobi kuwa, kasuwar Wudil tana ci ranar Juma'a, shanu da tumaki da awaki sai ido ya gaji, ga kogi ga gada. Sai dai a riƙe hannun ƙanana, kara ba wurin sakin yaro ba ne.

Ta wajen kudu kuma, a hanyar da jikata ta ba ni kunya, akwai abin gani babba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ita take ba gonakin Kadawa da Kura da Bunkure ruwa ta magudanan da aka haƙa. Shi ya sa in damina ta wuce can ba a zauna ba, ana kwashe shinkafa ana shirin tumatir da albasa da alkama. Yaro ya tsaya a bakin magudanar nan a nuna masa yadda ake buɗe wa gona ruwa a toshe, a gaya masa tumatirin da ke miyar gidanku da rani daga irin nan yake zuwa, ta kasuwar Kwanar Gafan. Wa ya sani ko cikin yaran nan akwai wanda wannan kallon zai sa ya karanci aikin gona ko aikin ruwa?

Fita ta uku ba ta bukatar barin gari. Abin kunya ne baƙo ya taso daga wata ƙasa ya zo ya ga Kano, mu da muke cikinta ba mu gan ta ba. Ina so wadda ta taɓa hawa Dutsen Dala ta ɗaga hannu. Kun gani ko? Ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Ga shi akwai matakala, kuma yanzu ne lokacinsa, da sassafe, kafin hazo ya sauko ya rufe gari. Daga sama za ku hango Goron Dutse, ku hango hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, ku ga birni a shimfiɗe. A nan za ki ba su labarin Barbushe da mutanen da suka fara zama a gindin dutsen, da Bagauda wanda tarihin Kano ya ce ya zama sarki a shekarar 999. Masu ciwon gwiwa irina mu zauna a ƙasa mu tsare takalma da kwanon abinci, ba laifi.

In an sauko a wuce Gidan Makama, kusa da gidan Sarki. Gini ne tun na zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan ɗakin amarya irin na iyayenmu, da hotunan lokacin zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Daga nan a biya marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Yara su ga yadda ake haɗa baba da toka a rijiyar rini, a tsoma farin yadi a ɗaga, a tsoma a ɗaga, iska tana bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonsu. A kan hanya ki nuna musu abin da ya rage na badala, ki ce musu Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar nan shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma ku duba yadda muka bari tana zubewa. Gidan zu kuma, mun saba sai da Sallah muke kai su, lokacin da cunkoso ya fi dabbobin yawa, a dawo da ɓatan yaro da ɓatan takalmi. Ku gwada zuwa wata Asabar ta kaka da safe, su tsaya a natse su ga kura da biri da jiminar da suke ji a tatsuniya.

Waɗanda Allah ya hore wa, ko in mun haɗa ƙarfi a ƙungiyance, akwai wurare biyu a Jigawa da nake sha'awar yaranmu su gani. A Birnin Kudu akwai duwatsun da mutanen da suka yi zanen shanu a jikinsu, tun zamanin da ba wanda zai ce ga kakansa a ciki. Can kuma gaba da Haɗejiya akwai fadamar Baturiya. Kun san shamuwa da damina take zuwa mana, in ruwa ya ɗauke ta kama hanyar kudu. To tana tafiya wasu baƙin suke sauka: tsuntsayen da sanyin ƙasashen Turai yake korowa, su ƙetare teku da hamada su zo fadamun Haɗejiya da Nguru su yi watanni, sannan su koma. Yaro ya ji cewa ɗan tsuntsun nan da yake gani ya yi tafiyar da ko mai jirgi sai ya gaji, ai ya samu abin tunani. Wannan tafiya ce mai nisa, tana son shiri da wanda ya san wurin, ba a yin ta da ka.

Na san akwai wadda take cewa a ranta, Hajiya, ni ko kuɗin mota ba ni da shi, ko maigida ba zai bari ba, ko ina da jinya a gida. Na ji, kuma ban manta da ke ba. In ba ki je wa kaka ba, ki kawo ta tsakar gidanki. Ki sa a taho miki da kan gero ɗaya, da zangarniyar dawa ɗaya, da damin gyaɗa da ganyenta, ki ajiye gaban yara su taɓa su bambance. Yanzu ne lokacin shanya: a yanka kuɓewa a shanya, a ɓare zoɓo, a busar da yakuwa da zogale a inuwa, a yi kaɗe-kaɗen kayan miyar rani. Ki raba musu aiki, wannan ya yanka, wannan ya baza, wannan ya kori kaji. In an samu karan dawa a ba maza su ƙera motar kara da tabarau, ku ga yadda za su manta da waya har magariba. Wake kuma in kin saya na ajiya, ki shanya shi ya bushe sarai, ki zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki ki ɗaure kowace tam, ko a jarka mai murfi ki cika ta ki toshe. In iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa. Don Allah mu daina barbaɗa maganin ƙwari a abin da yaranmu za su ci, da wanda za mu sayar wa yaran wasu. Gyaɗa ma a tabbata ta bushe kafin a ɗaure, wadda ta yi fumfuna a zubar, kada a ce asara a mayar da ita ƙuli.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina so a saurare ni da kyau, don ba na son a ce tsohuwar nan ce ta tura mu. Na farko, ruwa. Da kaka kududdufai da madatsu a cike suke, yaro kuma ba ya ganin ruwa ya ƙyale. Kada a bar kowa ya shiga wanka, ko ya ce ya iya. Bayan nutsewa akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a irin ruwan nan da ba ya gudu. Kwale-kwale kuwa, ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ba a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, inda jirgin ruwa ya kife da mutane, da yawansu yara 'yan makaranta. Allah ya ji ƙansu. In kin ga an cika jirgi, ko babu rigar kariya, ki haƙura ki tsaya a gaɓa. Kallo daga tudu ya wadatar.

Na biyu, gona da kaka tana da maciji da kunama, sun fi son ƙarƙashin dammi da tarin kara da harawa. Kowane yaro ya sa takalmi mai rufi, kuma kada ya cusa hannu inda idonsa bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, a nufi asibiti kai tsaye, kada a tsaya tsaga wurin ko tsotsa. Na uku, sauro bai tafi ba don ruwa ya ɗauke. In za a kwana a tafi da gidan sauro, da rigar sanyi saboda asuba. A tafi da ruwan sha daga gida. A ja wa yara kunne a kan wasa da wuta, kara ya bushe, ƙyastu ɗaya sai ya cinye wa bawan Allah noman shekara. Kuma a koya musu ladabin gonar mutane: ba a karya, ba a tsinka, sai an ba ka.

Na huɗu, hanya. Duk mun san halin da ake ciki, ba sai na fassara ba. A tambayi mutanen gari kafin a tashi, su suka san inda ake bi da inda aka daina bi. A fita da sassafe, a dawo ido na ganin ido. Daji mai nisa da wurin da ba mu da kowa, a bar shi sai wani lokaci. A ɗauki direban da aka sani, kada a yi lodin yara kamar buhuna don a rage kuɗi. A ƙirga su lokacin shiga, a ƙirga lokacin fita, kowace babba a damƙa mata yara huɗu ko biyar da za ta amsa sunansu. Sannan fitar nan ta Asabar da Lahadi ce da ranakun hutu. Ban ce a cire yaro daga aji a kai shi roron wake ba. Wannan ma wata cuta ce da muke gani duk kaka, aji ya zama rabi saboda an tafi gona, kuma 'yan'uwanmu na ƙauye in mun je mu yi musu maganar cikin hikima.

Abu ɗaya kuma da ba zan zauna ban faɗa ba: kada a kwashi maza a bar mata a gida da wanke-wanke. Mun saba, in za a fita sai a ce ke zauna ki taya ni aiki, yayyenki za su ba ki labari. Ita ce gobe za ta riƙe gida, ita za ta gaji sana'ar nan tamu, ita za ta zauna a kujerar da shugaba take kai yanzu. In ba ta ga komai ba, me za ta gaya wa nata 'ya'yan? Ku kuma iyayen gida, ga ku a zaune kuna jina. Muna neman izininku, muna kuma neman ƙafarku. Yaro ba ya manta ranar da babansa ya riƙe hannunsa ya ce nan ce gonar kakanka. Kuɗin cefane kuna bayarwa, mun gode, amma wannan ba a aiko da shi, sai an zo da kai.

To yaya za a yi? Ga shawarata, shugabanni su duba. Mun iya adashe, da shi muka sayi injin markaɗe, da shi muka aurar da 'ya'ya, da shi wasunmu suka fara jari. Mu buɗe ɗan ƙaramin asusu daban mu kira shi asusun kaka, kowa ta riƙa jefa abin da ya sauwaƙa duk mako, ko naira 200 ce. A raba mu unguwa unguwa, kowane rukuni ya zaɓi wuri ɗaya. Wadda take da ƙauye kusa ta karɓi baƙuncin 'yan rukuninta, a tafi mata da sabulu da gishiri da ɗan abin da za a ba tsofaffi, kada mu je hannu rabbana mu zame musu nauyi. Abinci kowa ta dafo daga gida: ɗanwake, dambu, alala, zoɓo a jarka. A saka marayun da ke cikinmu a lissafi tun farko, kujerarsu a kan asusu take, ba sai uwarsu ta roƙa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu muka fi kowa sanin haka. In an dawo, kowane yaro ya rubuta abin da ya gani a shafi ɗaya, da Hausa ko da Turanci, wanda bai iya rubutu ba ya zana. Sakatariya ta tattara, a zaɓi masu kyau a buga a wannan mujalla tamu baɗi.

Ita kuwa kishiyar tawa, bayan sati biyu na mayar da ita Kura wajen wata ƙanwata, ta yini ana yankan shinkafa da lauje ana bugu. Ta dawo da ƙaiƙayi a wuya da 'yar shinkafa a ƙullin ɗankwali, ta hana kowa taɓawa, wai tata ce ita ta tsinta. Ga ta can a baya tana harara ta don na tona mata asiri. Bana ita ta fara tambayata yaushe za mu koma.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya raya mana zuri'a, ya kai mu kakar baɗi da rai da lafiya.